Murhun Da Ke Cikin Tsoka: Abin Da Hutu Ke Yi Wa Zuciyar Ma'aikaci

Kwanakin baya na halarci wani taron ƙara wa juna sani, aka yi rashin sa'a na'urar hawa bene ta tsaya, ga shi kuwa zauren taron yana hawa na huɗu. Mu kusan ashirin muka bi matakala, akasarinmu 'yan shekara arba'in zuwa hamsin, malaman jami'a da manyan ma'aikatan gwamnati da na banki. Kafin mu kai hawa na uku babu mai iya ƙarasa magana. Wannan ya dafa bango yana haki, wancan ya fake da amsa waya domin ya samu ya numfasa. Ana cikin haka sai ga wani dattijon masinja, wanda a ƙiyasina ya ba sittin baya, ya zo ya wuce mu ɗauke da katan ɗin ruwa a ka, har yana yi mana sannu. Aka yi dariya, aka ce ai girma ne ya zo. Amma duk cikinmu babu wanda ya kai dattijon nan shekaru.

Abin da ya bambanta mu da shi yana cikin tsoka, a wani wuri da ido ba ya gani sai da madubin likita. Da yake nazarin harshe ne sana'ata, bari in shiga ta ƙofar kalma. Masana suna kiran abin maitokondiriya, sunan da wani Bajamushe, Carl Benda, ya ƙirƙira a 1898 daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya tana nufin zare, ɗayar kuma ƙwaya, domin haka ya gan su, wasu dogaye wasu dunƙulallu. Sunan ya bayyana kamanni, bai bayyana aiki ba. Da Bahaushe aka ba wa raɗin sunan, ina jin murhu zai ce, domin a nan ne ake ƙona abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa, a fitar da ƙarfin da jiki ke aiki da shi. Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam tana da nata murahun, wata ɗaruruwa, wata dubbai, in ban da jajayen ƙwayoyin jini waɗanda ba su da ko ɗaya.

Yadda murhun yake aiki ya daɗe yana ba masana wahala. A 1937 Hans Krebs ya gano zagayen da ake bi a farfasa ragowar sukari da kitse. A 1961 kuma wani Baturen Ingila, Peter Mitchell, ya kawo bayanin da abokan aikinsa suka daɗe suna musu a kai kafin a ba shi kyautar Nobel a 1978. Wanda ya taɓa ganin madatsar ruwa ta Kainji ko ta Shiroro zai fahimci Mitchell cikin sauƙi. Ƙarfin da aka tatso daga abinci ana amfani da shi a tura wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna furoton zuwa bayan wani tantani, su taru kamar ruwa a bayan madatsa, sannan a bar su su kwararo ta wata 'yar kafa, su juya wata farfela. Farfelar nan ta gaske ce, domin a 1997 masana a Japan suka gan ta tana juyawa. Juyawarta ke haɗa sinadarin da ake kira ATP, wanda shi ne kuɗin da kowace gaɓa ke kashewa kafin ta motsa. A ƙarshen layin kuma iskar oksijin ce ke karɓe ragowar aikin ta zama ruwa, wanda shi ne dalilin numfashinmu.

Babu gaɓar da ta dogara da wannan tsari kamar zuciya. Nauyinta bai wuce giram 300 ba, amma tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana, ba ta da hutun ƙarshen mako ko na shekara. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kowace ƙwayar tsokarta murahu ne zalla. Masana sun ƙiyasta cewa tana kashe ATP wajen kilo 6 a yini, wato kusan ninki ashirin na nauyinta, alhali abin da take da shi a ajiye ba zai kai ta ko minti ɗaya ba. Ke nan zuciya hannu baka hannu ƙwarya take rayuwa. Idan jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, oksijin ya yanke, murahun suna tsayawa, kuma in ba a buɗe hanyar da gaggawa ba, wannan sashe na tsokar zai mutu. Wannan shi ne abin da muke kira bugun zuciya. Akwai kuma mutuwar tsaye, wadda ta fi yawa a asibitocinmu: hawan jinin da aka yi shekaru ba a kula da shi ba yana tilasta wa zuciya yin aiki fiye da ƙima, ta yi kauri, buƙatarta ta ƙaru, murahunta kuma su riƙa rauni. A 2007 Farfesa Stefan Neubauer na Jami'ar Oxford ya kwatanta irin wannan zuciya da injin da mai ya ƙare masa. Mai ita shi ne za ka ga ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasan kai.

Tsokokin gaɓoɓi kuwa, waɗanda suka kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin namiji baligi, labarinsu yana da daɗin ji, domin a nan ne mutum yake da ta cewa. Duk wanda ya taɓa fige kaza ya san naman ƙirjinta fari ne, na cinyarta kuma ja, amma ƙirjin tantabara ja ne wur. Kaza yini take tana yawo da ƙafa, tashinta bai wuce tsallake danga ba, tantabara kuwa da fiffike take cin nisa. Tsokar da ke dogon aiki ita ke tara murahu da jijiyoyin jini da sinadarin da ke riƙe oksijin, shi ya sa take ja. A 1967 wani likita a Amurka, John Holloszy, ya sa ɓeraye gudu a kai a kai na tsawon makonni, ya tarar ƙarfin murahun tsokarsu ya kusa ninkawa. Tun daga lokacin aka tabbatar da haka a jikin mutane: tsoka tana gina sababbin murahu idan an matsa mata, tana kuma rushe su idan ta ga babu mai buƙata.

Saurin rushewar shi ne abin tsoro. A 1966, a birnin Dallas, an kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado na mako uku, ba su da ciwon komai. Da suka tashi, ƙarfin jikinsu na amfani da oksijin ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake nemo su aka auna, sai aka ga cewa kwanciyar mako ukun nan ta fi shekaru talatin ɗin yi musu ɓarna. A ɗaya ɓangaren, wani bincike da aka yi a asibitin Mayo na Amurka, aka buga a 2017, ya nuna cewa bayan mako 12 na motsa jiki mai ɗan tsanani, ƙarfin aikin murahun matasa ya ƙaru da kashi 49 cikin ɗari, na dattawa 'yan shekara 65 zuwa sama kuma da kashi 69. Ashe tsufa ba ya rufe wannan ƙofa. Kada kuma a manta cewa tsokokin gaɓoɓi su ne ke kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, don haka wanda ya bar su suka yi sanyi ya buɗe wa ciwon sukari hanya, ciwon sukari kuma abokin tafiyar ciwon zuciya ne.

Ba kowane raunin murhu ne laifin mai shi ba. Maitokondiriya tana da nata kundin gado daban, mai ɗauke da ƙwayoyin gado 37, wanda aka kammala karantawa a Cambridge a 1981, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa. Mu da muke lissafa asali ta wajen uba, ga wata dukiya da ke bin dangin uwa tsantsa. A 1962 Rolf Luft ya ba da rahoton wata mata 'yar Suwidin da ke fama da zufa da rama duk da yawan cin abinci, saboda murahunta suna ci ba tare da sarrafa ƙarfin yadda ya kamata ba. Ita ce ta farko da aka tabbatar tana da irin wannan cuta. A yau an ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 5,000 yana ɗauke da ɗaya daga cikin cututtukan, waɗanda sukan bayyana da raunin tsoka, saukar fatar ido, kurumta, farfaɗiya ko kaurin zuciya. Birtaniya ta halatta dashen lafiyayyun murahu a ƙwan mace a 2015, kuma a 2025 likitocin Newcastle suka sanar da haihuwar jarirai 8 ta wannan hanya. Sai dai a nan akwai gargaɗi ga masu saurin ɗora wa mace laifi: mafi yawan kayan da ake gina murhun da su, umarninsu yana cikin babban kundin gado da uba da uwa suka haɗu suka bayar, kuma da yawa daga cikin cututtukan da ke kama yara ta nan suke zuwa.

Akwai wata cuta da ta sa sunan ƙasar Hausa ya shiga littattafan likitancin duniya, wato gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko bayan haihuwa. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazarinta a Zariya, suka danganta yawanta da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta. Wani bincike da aka buga a 2007 ya sami mace 1 cikin 102 da suka haihu a wani asibitin Sakkwato da wannan ciwo, adadin da yake cikin mafi yawa a duniya. A shekarar ce kuma masana a Hannover ta Jamus suka nuna, a jikin ɓeraye, cewa idan garkuwar da ke kare murahun zuciya daga nasu tartsatsin ta yi rauni, sinadarin da ke kawo ruwan nono yakan tsage ya koma guba ga ƙananan jijiyoyin zuciya. Tun a 1992 likitoci a Yamai suka lura cewa masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyam, wanda jiki ke buƙata wajen kashe irin wannan tartsatsi, kuma binciken Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya sami haka. Babban nazarin da ya jagoranta a faɗin Nijeriya, wanda aka buga a 2020, ya fi nuna yatsa ga rama da rashin ilimi da rashin sana'a da hawan jinin masu ciki, fiye da al'adun jego. Darasin a fili yake: maijegon da ke haki, ƙafa ta kumbura, tari ya hana ta barci, asibiti za a kai ta a ranar, kada a tsaya ana cewa jego ne.

To, mu koma kan matakalar da muka faro. Harshenmu da kansa yana ba da shaida a kanmu. Idan mutum ya samu, sai mu ce ya huta. Ɗan da aka shagwaɓa ɗan hutu ne, tumbi alamar naira ta zauna, wanda kuma aka gani yana tafiya a ƙasa sai a tsaya a tambaye shi ko motar lafiya. Kalmomin nan sun samo asali a zamanin da hutu ke zuwa bayan noma da sassabe da tafiyar fatauci, lokacin da jiki ya riga ya biya bashinsa. Ma'aikacin yau ya gaji kalmar bai gaji wahalar ba. Daga ɗaki sai mota, daga mota sai kujera, direba ya ɗauki jaka, masinja ya hau bene, masallacin da ke bayan layi ma da mota ake zuwa. Idan kasala ta kama shi sai ya nufi masu tallar maganin ƙarin kuzari, na kanti mai tsada ko na bakin tasha mai lasifika. Har yau babu ƙwayar da aka tabbatar tana gina murahu a tsokar mai lafiya kamar yadda motsi ke yi.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗaga amma ana iya magana, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Minti 30 bayan sallar asuba ko bayan la'asar, kwana biyar, ya biya mafi ƙarancin. A bar taba, a auna jini da sukari, wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kuma kada ya ajiye shi don ya ji sauƙi. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara a hankali, mai jin ciwon ƙirji ko jiri ko haki marar dalili kuwa ya ga likita tukuna.

Akwai kuma haƙƙin da ke kan hukuma da masu gida. Ana shimfiɗa tituna a biranenmu ba tare da gefen masu tafiya a ƙasa ba, filayen wasan makarantu ana yanka su ana gina shaguna, matanmu da 'yan matanmu kuwa, waɗanda suka fi kowa zama wuri ɗaya, ba a tanadar musu wuraren da za su motsa jiki cikin sutura da natsuwa ba. Masu tsara birane da shugabannin makarantu da ma'aikatu suna cikin masu karanta wannan shafi, kuma gyaran yana hannunsu. Kafin su motsa, kowa yana da matakala a wurin aikinsa da hanyar masallaci a unguwarsu. Dattijon masinjan nan bai taɓa jin sunan Peter Mitchell ba, amma shi ya riga mu isa hawa na huɗu, da kaya a kansa. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba mu ikon kula da amanar jikin da Ya ba mu.