Kaurin Takarda Ɗaya Da Ke Sa Maharbi Kuskure

Duk ranar da malamin lissafi ya zana alwatika biyu masu kama da juna a allo, ba a rasa wanda zai yi gunaguni daga bayan aji cewa, "Malam, wannan ina amfaninsa?" To, ga amfaninsa guda, daga wurin da ba ku zata ba.

Maharbanmu na gargajiya da ke fita farauta da rani a dazukan Jega da Maiyama, bindigar harba-ka-ruga suke riƙewa, kuma da ido suke saiti, domin sai sun matso kusa da nama kafin su ja kunama. Amma mafarautan barewa a Turai da Amurka sukan harbo daga nisan mita 200 ko 300. Bindigarsu mai sakata ce, wato wadda ake jan wani ƙarfe baya a tura gaba kamar sakatar ƙofa kafin kowane harbi, irin ƙirar Mauser ta Jamus ta shekarar 1898. A samanta suke ɗaura madubin hangen nesa mai layi biyu da suka gitta juna. Asalin waɗannan layuka ma abin dariya ne: wajen shekarar 1640 gizo-gizo ya yi saƙa a cikin madubin wani masanin taurari ɗan Ingila, William Gascoigne, sai ya ga zaren ya fito tar tare da abin da yake hange. Yanar gizo ta gaske ke nan, ba ta waya ba.

Madubin ba ya zama a jikin bindiga kai tsaye. Akan ɗaure ƙananan ƙarafa biyu da sukurori, ɗaya gaba ɗaya baya, a bar fili a tsakani don sa harsashi. Su ne mazaunai. A kan kowane mazauni akwai zobe, madubin kuma a cikin zobban biyu yake kwanciya. Matsalar ita ce bayan bindiga ba ya fitowa daga masana'anta daidai ɗari bisa ɗari, saboda haka sau da yawa mazauni ɗaya kan ɗara ɗan uwansa tsawo, ko ya karkace kaɗan.

A nan lissafi ya shigo. A ce tazarar mazaunan biyu santimita 10 ce, wato milimita 100, na baya kuma ya ɗara na gaba da kaurin takardar littafin rubutu ɗaya, kimanin milimita 0.1. Karkatar ta zama ɗaya cikin dubu. Ƙaramar alwatikar da ke ƙarƙashin madubi da babbar da ta miƙe har wurin abin harbi kamarsu ɗaya, don haka a nisan mita 100, kusan tsawon filin ƙwallo, kuskuren ya zama santimita 10. A mita 300 ya kai santimita 30, tsawon rular da ke jakarka. Wannan ya isa harsashi ya sami dabba a ciki ko ƙafa, ta gudu ta je ta mutu cikin wahala, ko ya wuce ta zuwa inda ba a nufa ba.

Mai gaggawa zai ce a ƙara matse sukurori. Wannan shi ne mafi muni. Bututun madubin siriri ne, galibi na alminiyom, idan aka danne shi cikin zobba biyu da ba sa kallon juna sai ya lotse ko ya lanƙwashe. Masu ɗorin Aliero sun san wannan tun tuni: sai ƙashi ya haɗu baki da baki sannan a ɗaure karare.

Abin da gwanaye ke yi shi ne, su sa sanduna biyu na ƙarfe masu tsini, ɗaya a kowane zobe. In tsinin ya haɗu da tsini, an dace. In ya saɓa, sai a yi wa mazaunin da ke da giɓi gammo da gam mai haɗi biyu, dangin Araldite da makanikai ke amfani da shi. Akan shafa man goge takalmi a jikin bindigar da sukurorin don kada gam ɗin ya kama su, a riƙe zobban a layi ɗaya da miƙaƙƙiyar sanda, a bar shi ya kwana ya bushe. Gam ɗin ya cike giɓin, mazaunin ya zauna daram, sannan a ɗaure sukurori da awo, ba da ƙarfin damtse ba.

Kada wani ya karanta wannan ya tafi neman bindigar gwaji. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba tare da lasisi ba, kuma duk mun san abin da makamai suka jawo wa yankinmu. Takarda da biro sun isa.

Ga tambayar mako: tazarar mazaunai santimita 12, giɓi milimita 0.3, nisa mita 200. Kuskuren santimita nawa ne? Wanda ya samo amsa ya miƙa wa sakataren kulob kafin taron Juma'a.