Bel Mai Haƙora Da Fulinsa: Abin Da Mai Haɗa Injin Sassaƙa Zai Duba Kafin Ya Saya

A ce wani kafinta ya shafe watanni yana tara kuɗi, ya haɗa wa kansa injin sassaƙa irin wanda kwamfuta ke sarrafawa, sa'an nan aka kawo masa allon kan gado domin ya fitar masa da zane mai tsawon mita 1. Ya ɗaure katako, ya ba inji umurni, inji ya yi ta aiki har ya gama ba tare da wata gargada ba. Da aka ɗauko magwaji sai aka tarar zanen ya zarce da milimita 16, watau fiye da rabin inci, har ya ci gefen allon. Katako ya lalace, mai gado ya yi fushi, kafinta kuwa ya kwana yana zargin kwamfuta, alhali ba ta da laifin kome. Laifin na wani siririn bel ne na roba da ɗan fulinsa, waɗanda aka saya ba a auna haƙoransu ba.

Irin wannan inji shi ake kira CNC. Asalinsa daga Amurka ne, inda wani mai masana'anta, John Parsons, ya fara tunanin sarrafa injin yankan ƙarfe da lissafi a ƙarshen shekarun 1940, kana Cibiyar Fasaha ta Masacusets ta nuna irinsa na farko a 1952. An daɗe ba mai iya mallakarsa sai manyan masana'antu. Abin ya sauya bayan 2005, shekarar da Adrian Bowyer na Jami'ar Bath ta Ingila ya fara shirin RepRap, na injin da mutum zai haɗa a ɗakinsa, kuma shekarar da ɗan allon lantarki mai araha da ake kira Arduino ya fito a Italiya. A 2011 Edward Ford ya fito da ƙaramin injin sassaƙa mai suna Shapeoko. Tun daga nan ɗalibai da kafintoci da masu rubuta alluna a ƙasashe da yawa suka shiga haɗa nasu, kuma galibinsu da bel suke tafiya, domin ya fi dogon sukuru araha da sauri.

Shi bel mai haƙora ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin makaniki, shi ne dai ake ce wa taimin bel. Bambancinsa da fambel shi ne, fambel santsi gare shi, yana iya zamewa kaɗan a kan fuli ba a rasa kome ba, amma mai haƙora kowane haƙori yana da gurbinsa a jikin fuli, sabo da haka in fuli ya juya da haƙori goma, bel ma haƙori goma zai matsa, ba ƙari ba ragi. Wani injiniya, Richard Case, na kamfanin Gilmer a Amurka ne ya ƙirƙiro shi cikin shekarun 1940, kuma aikinsa na farko a keken ɗinki ne, domin allura da ƙoshiya su riƙa tafiya tare. Sai a 1962 ya shiga motar da ake ƙerawa da yawa, watau Glas ta Jamus.

Tazarar haƙora

Abu na farko da mai saye zai tambaya shi ne tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori, domin a kanta dukan lissafin inji ya tsaya. A nan ne kuma aka fi tafka asara, sabo da duniya ba ta haɗu a kan awo ɗaya ba. Akwai masu awon inci, irin su MXL mai tazarar milimita 2.032 da XL mai 5.08. Akwai masu awon milimita, irin su T2.5 da T5, da HTD mai tazarar 3 ko 5 ko 8, sai kuma GT2 mai tazarar milimita 2 daidai, wanda shi ne ya fi yawa a ƙananan injuna.

Mai karatu zai lura cewa tsakanin MXL da GT2 milimita 0.032 ne kawai, abin da bai kai kaurin gashin kai ba, kuma ido ba ya iya rarrabewa. To, amma wannan ɗan abu yana taruwa ne haƙori bayan haƙori. A tsawon mita 1 akwai haƙora 500, in aka ninka sai a sami milimita 16 ɗin nan da ta ɓata wa kafinta allo. Shi an sayar masa da bel da fuli na MXL ne, ya gaya wa kwamfuta GT2 ne, ita kuwa ta gaskata shi. Da ya sani, gyaran lamba ɗaya a cikin kwamfuta ya isa. Wanda ya fi wannan muni shi ne a haɗa bel na wani iri da fuli na wani irin: haƙoran za su shiga kamar sun dace, amma suna hawan juna a hankali, suna cinyewa, har ranar da bel zai tsallake a tsakiyar aiki. Wannan ba lambar da ke gyara shi.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ba ta bukatar kome sai rula mai kyau da haƙuri. A shimfiɗa bel, a sa alama a haƙori na farko, a ƙidaya tazara 50. In an sami milimita 100 cif, na milimita 2 ne. In an sami 101.6, MXL ne, kome mai kanti ya rantse.

Bayan tazara sai siffar haƙorin. Tsofaffin iri, watau MXL da XL da dangin T, haƙoransu masu kusurwa ne, kuma akwai ɗan sarari tsakanin haƙori da gurbinsa. A keken ɗinki ko mota, inda juyi ɗaya ake yi kullum, wannan sarari bai dami kowa ba. Amma injin sassaƙa gaba da baya yake yi sau dubbai a aiki guda, kuma duk lokacin da ya juya akala sai fuli ya cinye wannan sarari tukuna kafin bel ya motsa. Wajen 1970 kamfanin Uniroyal ya fito da HTD mai zagayayyen haƙori mai zurfi, wanda ya fi ɗaukar nauyi, daga baya kamfanin Gates ya fito da GT, wanda haƙorinsa ke zama a gurbi kusan ba sarari. Shi ya sa masu RepRap, waɗanda suka fara da T5 da T2.5, suka koma GT2. Sai dai a kiyaye da sunan: a wurin Gates, GT2 sunan siffar haƙori ne, kuma tana zuwa da tazarar 2 ko 3 ko 5, amma a bakin 'yan kasuwa in aka ce GT2 mai milimita 2 ake nufi.

Fuli da lissafinsa

Moton da ke juya fuli a irin waɗannan injuna taku-taku yake juyawa, galibi taku 200 a zagaye guda, kuma na'urar da ke ba shi wuta tana iya raba kowane taku gida 16, ya zama 3,200. In aka sa fuli mai haƙora 20 da bel mai tazarar milimita 2, zagaye guda zai ja bel milimita 40, watau taku 80 ke nan a kowace milimita. In fulin mai haƙora 16 ne, zagaye guda milimita 32 ne, taku 100 a milimita. Wannan lamba ita ake rubuta wa kwamfuta, sabo da haka wajibi ne mutum ya ƙidaya haƙoran fulin da hannunsa, kada ya dogara ga abin da aka rubuta a leda.

Ƙaramin fuli ya fi ƙarfin ja, mai 16 ya fi mai 20 da kashi ɗaya cikin huɗu, amma ya fi shi jinkiri, kuma yana lanƙwasa bel sosai. Masu ƙera bel suna ba da shawarar kada haƙoran da ke cikin fuli a lokaci guda su gaza 6, in ba haka ba nauyi zai taru a kan 'yan kaɗan. Wanda ke son ƙarin ƙarfi bai kamata ya yi ta ƙanƙanta fuli ba. Abin da ya fi shi ne ya haɗa mai haƙora 20 da mai 60 da gajeren bel, ƙarfi ya ninka uku, gudu ya ragu haka nan.

Ramin tsakiyar fuli ma abin dubawa ne. Ƙaramin moto da ake kira NEMA 17 sandarsa milimita 5 ce, babban wansa NEMA 23 kuwa galibi 6.35 ce ko 8. Fulin da raminsa ya ɗara sanda ko da kaɗan ne zai zauna a karkace, ya riƙa tsuke bel yana sakinsa a kowane zagaye, kuma alamar za ta fito a jikin katako kamar igiyar ruwa. Faɗaɗa rami da hannu kuwa da wuya ya faɗa tsakiya daidai. Daɗin daɗawa, akwai 'yan sukurori guda biyu da ke riƙe fuli a kan sanda, lalle ɗaya ya sauka a kan gefen sandar da aka shafe. Da yawa daga cikin injunan da ake kuka da su cewa suna mai da da'ira ta zama ƙwai, ba abin da ke damunsu sai wannan ɗan sukuru da ya kwance.

Abin da ke cikin roba

Ba roba ce ke ɗaukar nauyi ba, zaren da aka binne a cikinta ne. Na zaren gilashi shi ya fi yawa, ba ya miƙewa sosai, kuma yana jure ƙaramin fuli, amma in aka karya bel ɗin kamar yadda ake ninke takarda, zaren ya tsinke ke nan a ciki ko da waje bai nuna ba. Na wayar ƙarfe ya fi tauri, sai dai a kan ɗan fuli mai haƙora 16 ko 20 wayar takan gaji ta tsittsinke, bel ya fara miƙewa a wuri ɗaya, awo ya rikice. Mutane da dama suna jin an ce ƙarfe sai su ɗauka shi ne mafi kyau, a ƙaramin inji kuwa sau da yawa ba haka abin yake ba.

Kowane bel yana ɗan miƙewa in an ja shi, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon miƙewarsa. Mai faɗin milimita 6 ya wadaci ƙaramin injin da ba ya tura kome mai nauyi, amma wanda zai tura baƙin ƙarfe cikin maɗaci ko wani katako mai tauri, a kan tebur mai tsawon mita, yana bukatar mai faɗin 9 ko 15, ko ma HTD. Fulin ma sai a sayi mai faɗin da ya dace da shi.

Ina za a samu?

Mutum zai fara tunanin kasuwar Ladipo a Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna. Boris da sukurori da ƙarafa ana samunsu a can, amma taimin bel na mota tazararsa wajen milimita 8 ce ko 9.5, kuma zobe ne rufaffe, ya yi wa ƙaramin inji girma. Tsofaffin injunan buga takarda da na hoton takarda suna ɗauke da moto da bel da fuli, kuma da irin waɗannan tarkace ne Afate Gnikou ya haɗa injinsa a Lome ta ƙasar Togo a 2013, har duniya ta san da shi. Sai dai bel ɗinsu gajere ne siriri, fulin kuma sau da yawa a matse yake a jikin moto, sabo da haka wanda zai ɗauka ya ɗauke su tare, ya auna tazarar da kansa.

Saura kuwa ta intanet ake sayowa, mafi yawa daga Sin, ana sayar da bel da mita. A nan akwai mai kyau akwai na banza, kuma hoto ba ya nunawa. Tun da kaya na iya shafe makonni a hanya, hikima ita ce a sayi bel da fuli a wuri ɗaya, a ƙara mita biyu ko uku da fuli guda na ajiya, domin kada inji ya kwanta wata guda sabo da abin da bai kai kuɗin aiki ɗaya ba. In kaya ya iso, a yanki bakin bel a duba ko zaren ya jeru daidai, a naɗa shi a kan fuli a ɗaga wajen haske: in ana hangen sarari tsakanin haƙora, ko yana motsi gaba da baya alhali fuli na tsaye, ba su dace ba. Na ajiyar a naɗe shi da faɗi, a ɓoye shi daga rana da mai, domin zafi yana busar da roba ta tsattsage.

Wajen ɗaurawa, bel mai sako-sako yana tsallake haƙora, wanda aka tsuke ainun kuma yana cin boris na moto. In aka kaɗa shi da yatsa ya kamata ya ba da ƙaramar murya kamar tsirkiyar gurmi, kuma in biyu ne a gefe da gefe muryarsu ta zo ɗaya, don kada gadar injin ta tafi a karkace. Garin katako da ƙurar hunturu suna cushewa a gurbin fuli su ɗaga bel, sai a riƙa share su da buroshi. Bayan an gama duka, kafin a ɗaura katakon kowa, a umurci inji ya yi tafiyar milimita 500 a auna da rula, sa'an nan ya yanka da'ira a guntun falanki a auna ta tsaye da kwance.