Idan Esin Gida Ya Daina Sanyi, Kar a Fara da "Gas Ya Ƙare"

A shekarar 2023 birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka ya yi kwana 31 a jere zafi yana kaiwa digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci har ya wuce. Hukumar lafiya ta gundumar Maricopa, inda birnin yake, ta ƙidaya mutum 645 da zafi ya yi sanadin mutuwarsu a shekarar. Cikin waɗanda ajali ya riska a cikin gida, da yawa suna da esi, sai dai ba ya aiki.

Yawancin gidajen can na'ura ɗaya ce ke sanyaya su gaba ɗaya. A waje akwai akwati mai ɗauke da kwamfiresa da babbar fanka. A ciki, galibi a saman silin ko wani lungu, akwai nannaɗen bututun jan ƙarfe mai sanyi, da wata fanka da ke hura iska ta kansa, iskar ta bi manyan bututu ta fito a kowane ɗaki. Aikin gas ɗin da ke cikin bututun jan ƙarfen shi ne ya kwashi zafin ciki ya kai shi waje ya zubar.

To amma zubar da zafi a iskar da ita ma take tafasa aiki ne ja. A Amurka ana auna ƙarfin waɗannan na'urori ne a zafin waje na digiri 35. Ranar da aka kai 46, esi mai ƙoshin lafiya ma zai wuni yana aiki, gida ya tsaya a 26 ko 27. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a auna iskar da ke shiga na'urar da wadda ke fitowa. Idan bambancin ya kai digiri 8 zuwa 11, lafiyarsa ƙalau, ƙarfinsa ne ya kai iyaka. Sai a sauke labule, a jinkirta girki zuwa dare. Saita esin a kan lamba 16 ba ya ƙara masa sauri ko kaɗan.

Idan bambancin bai kai haka ba, a fara duba matatar iska. Ƙura na toshe ta, iskar da ke ratsa bututun sanyi ta ragu, raɓar da ke kansa ta daskare. Abin mamaki ke nan: waje ana gasuwa, a buɗe na'ura a tarar da ƙanƙara ta lulluɓe bututu, ɗaki kuwa ko ɗan sanyi babu, domin ƙanƙarar ta tare hanyar iska. Maganin a kashe sanyin, a bar fanka kaɗai tana juyawa na wasu awoyi har ta narke, a sa sabuwar matata. Ana son a riƙa canza ta duk wata ɗaya zuwa uku.

Akwatin waje ma yana shaƙewa. Siraran faifan alminiyon da suka kewaye shi suna cika da ƙura da ganye. A kashe wutarsa tukuna, a wanke da tiyo a hankali kar su lanƙwashe, a kuma kawar da duk abin da ya matse shi. Idan birekar wuta ce ta faɗi, a mayar da ita sau ɗaya. In ta sake faɗuwa, a bar ta. Wani lokacin kuma bututun fitar da ruwa ne ya toshe, na'urar ta kashe kanta don kar ruwa ya lalata silin.

Abin da zafi ya fi kashewa shi ne kafasita, ɗan gwangwanin da ke ba kwamfiresa da fanka ƙarfin tashi. Za ka ji akwatin waje yana gurnani, fanka kuwa tana tsaye cik. In mai gyara ya ciro shi, sau da yawa samansa ya kumbura kamar gwangwanin tumatir da ya lalace. Ba shi da tsada, amma wanda ya bar na'urar tana gurnani haka yana iya ƙona kwamfiresa, mafi tsada a cikin kayan. A kashe nan take. Kar kuma a kai hannu, domin kafasita yana riƙe wuta ko bayan an kashe komai.

Sai batun gas, inda aka fi cin kuɗin mutane. Gas na zagayawa ne a rufaffen bututu, ba a ƙona shi, saboda haka ba ya ƙarewa sai in akwai yoyo. A Amurka doka ta hana wanda ba shi da takardar shaida taɓa shi, kuma tun 1 ga Janairun 2020 aka daina haɗa tsohon gas R-22 da shigo da shi, don haka cika tsohuwar na'ura mai yoyo asara ce tsagwaronta.

Wannan ya shafe mu, don esin bangonmu ma haka yake aiki. Hunturu yana cika shi da ƙura, zafin Maris da Afrilu ya zo ya same shi a shaƙe, sai ka ji an ce wa maigida, "Alhaji, gas ne ya ƙare." Duk mai gyaran da ya faɗi haka bai duba matata ba, bai sa ma'auni ba, bai kuma nemi inda yake yoyo ba, a sallame shi a kira wani.