Noman Radish A Maiha: Abin Da Ke Sa Ya Yi Fure Ya Ƙi Yin Saiwa

A ƙasar Maiha, kudu da Mubi cikin Jihar Adamawa, inda duwatsu suka yi iyaka da Kamaru, da zarar damina ta ɗauke sai masu lambu su koma fadamu da bakin rafuka. Albasa da tumatir da alayyafo su ne aka saba da su. Amma akwai wani baƙon iri da akan samu cikin 'yan takardu a kantunan birane, watau radish, wanda Larabawa ke kira fijil. Ɗan'uwan kabeji ne, sai dai shi saiwarsa ake ci, ja ko fara, mai ɗan yaji a baki, ana yanka ta ɗanya cikin salak.

Da wuya a sami kayan lambun da ya kai shi sauri, domin ƙaramin irinsa yakan isa cira cikin mako uku zuwa biyar. To, a nan ne kuma tarkon yake. Mutum zai sayi iri da tsada, ya yi ta jan ruwa safe da yamma, sai ya wayi gari ya ga wani dogon kara ya fito daga tsakiyar ganyen, ya yi fure fari-fari. Ya tona ƙasa, ba ya samun kome sai siririyar saiwa mai tauri kamar itace, wadda ba mai saye a kasuwar Mubi.

Dalili kuwa shi ne radish ɗan sanyi ne. Ya fi jin daɗi idan zafi bai wuce digiri 18 ko 20 ba. Da ya ji wuya sai ya daina tara abinci a saiwa, ya juya ga yin 'ya'ya kafin ya mutu. A Turai doguwar ranar bazara ce ke tunzura shi. A Maiha kuwa tsawon rana bai cika canjawa ba, saboda haka zafi da ƙishirwa su ne manyan abokan gaba. Lokacinsa shi ne na hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu. Wanda ya bari sai ƙarshen Fabrairu ya yi shuka, to, ya haɗa shukarsa da zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni kan kusanci digiri 40, ya kuwa yi aikin banza.

Ba a dasa radish yadda ake dasa albasa, gama taɓa saiwarsa na ɓata shi. A fangali ake shuka shi kai tsaye, zurfin rabin inci, cikin ƙasa mai laushi. Bayan mako guda sai a rage tsiron, a bar inci 2 tsakani. Nan ne masu lambu da yawa kan ji tausayi su ƙi ragewa, alhali cunkoso kaɗai ya isa ya hana saiwa kumbura. Ruwa kuma kullum, ba yau ambaliya gobe fari ba, don haka ne ke sa saiwar ta tsage. Taki mai yawa, musamman na zamani irin yuriya, ganye kawai yake ƙarawa. Ya fi kyau a riƙa shuka fangali ɗaya kowane kwana 10, tun da masu saye ba su da yawa, shi kuma ba ya jiran ciniki a ƙasa.

In kuwa kara ya riga ya fito, yanke shi ba zai maido da saiwar ba. Amma ba a yi hasara duka ba. Ganyen yana shiga miya. 'Ya'yan da ke biyo bayan fure, masu kama da ƙaramin wake, ana cinsu tun suna ɗanye, har ma a Indiya akwai irin da don su kaɗai ake nomansa.

Mai son ajiye iri sai ya kiyaye abu guda. Kada ya ɗebi na shukar da ta riga saura yin fure, domin 'ya'yanta za su gaji wannan gaggawa. Ya zaɓi waɗanda suka yi saiwa mai kyau suka kuma jinkirta, ya bar su har kwanson ya bushe, ya sussuke, ya zuba cikin kwalba, ya ajiye a inuwa sai Nuwamba.