Ƙwayoyin Halitta Masu Amfani a Gona da Salga

Jama'a, mun saba gaya muku cewa akwai ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, su ne ke kawo amai da gudawa da tarin fuka. To, ku sani ba dukansu ne mugaye ba. Uwargida ta san in ta zuba ɗan tsohon nono cikin madara, kafin gari ya waye ta yi tsami. Ƙwayoyi masu rai ne suka yi wannan aiki. Yanzu akan kiwata irinsu, a ɗura a leda, a sayar wa manoma. Ya kamata kowane maigida ya san abin da suke iyawa, da inda ƙarfinsu ya tsaya.

Na waken suya

In ka tuge wake ko gyaɗa, za ka ga 'yan ƙullutai a jikin saiwa. Cikinsu ne waɗansu ƙwayoyi suke zaune, suna jawo abincin shuka daga iska, watau naitirojin, irin wanda ke cikin takin yuriya. Fasa ɗaya ka duba. In cikinsa ja-ja ne, suna aiki. Wake da gyaɗa galibi sukan sami nasu a ƙasarmu, amma waken suya sau da yawa ba ya samun isassu. Domin haka cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani baƙin gari mai suna NoduMax. Akan jiƙa iri da ɗan ruwan ƙaro, a barbaɗa garin, a cuɗa a inuwa, kana a shuka a ranar.

Amma ku lura, abu ne mai rai, zafin rana yana kashe shi. Ledar da ta daɗe a rumfar kasuwa, ko kwananta ya wuce, asarar kuɗi ce. Ba ya yi wa gero ko dawa ko masara kome. Kuma ba ya maye gurbin takin supa ko takin dabbobi.

Na maganin dafin fumfuna

Wannan ya fi shafar mu ma'aikatan asibiti. Akwai wata fumfuna da ke kama masara da gyaɗa tun suna gona, ta bar musu dafi da ake kira afalatoksin. Dahuwa ba ta kashe shi. Yana lalata hanta har ya kawo ciwon daji, yana kuma tauye girman yara. A 2004 ya kashe mutum 125 a ƙasar Kenya, saboda cin gurɓatacciyar masara.

Masana sun zaɓo 'yan'uwan wannan fumfuna marasa dafi, suka shafa su a jikin ƙwayar dawa wadda aka gasa don kada ta tsiro, aka rina ta shuɗi. Sunanta Aflasafe. Akan watsa kilo 4 a eka guda, mako 2 ko 3 kafin shuka ta yi fure, sa'ad da ƙasa ke da danshi. Sai marasa dafin su riga mai dafin kama wuri, dafin ya ragu ƙwarai. Wannan dawa ba ta ci ba ce, a ajiye ta nesa da yara. Kuma ba ta gyara hatsin da ya riga ya ɓaci. Tilas ne a shanya amfanin gona bisa tabarma ko tamfol har ya bushe sarai, a tsince mai fumfuna a ƙone, kada a ba kaji ko yara.

Na salga

Waɗansu 'yan talla sukan kawo gari ko ruwa, su ce in an zuba a salga ba za ta cika ba. Kada ku ɓata kuɗinku. Bayan gida da kansa cike yake da ƙwayoyin da ke ruɓar da shi, ƙarin cokali biyu ba ya sake kome. Abin da ke saurin cika salga shi ne leda da tsumma da kwalba da ake jefawa ciki. Kuma wannan gari ba ya kashe ƙwan tsutsar ciki, wanda kan yi shekaru da ransa cikin ƙasa mai laima. In salga ta kusa cika, a rufe ta da ƙasa, a haƙa sabuwa nesa da rijiya. Kada a kwashe tsohuwar zuwa gona sai ta shekara 2 a rufe.

Ku riƙe waɗannan:

1. Kafin ku saya, ku nemi shawarar malamin gona, ku sa a karanta muku kwanan watan da ke jikin leda.
2. Ku ajiye a wuri mai sanyi, ba ƙarƙashin kwano ba.
3. Kowane iri da aikinsa. Na waken suya ba ya maganin fumfuna.
4. A rufe bakin salga kullum, a wanke hannu da sabulu bayan an fito da kuma kafin cin abinci.

Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa maƙwabcinsa.