Abijan da Yaranmu Ba Su Gani Ba

A Adjamé da Treichville akwai 'ya'yan Hausawa da aka haifa a Abijan, suka tashi a nan, amma saninsu da birnin bai wuce gida da makaranta da rumfar mahaifi ba. Maigida ya fita tun asuba, uwargida na fama da sana'arta, ranar hutu kuma wanki da ziyarar dangi sun cinye ta. Alhali birnin nan a bakin tafkin Ébrié yake zaune, ga kurmi a tsakiyarsa, ga teku a kudu, kuma yawancin wuraren ba sa neman abin da ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari.

Abin da ya kamata mai iyali ya fara riƙewa shi ne lissafin damina irin na gida ba ya ci a nan. A Maradi ko Katsina, Agusta watan marka ne. A Abijan kuwa damina biyu ce. Babbar takan kama daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ruwanta ya fi tsanani a Yuni. Ƙaramar kuma ta zo a Oktoba da Nuwamba. Tsakaninsu, Agusta da Satumba, ruwa yakan tsagaita, gari ya yi lumshi da sanyi-sanyi, kuma dogon hutun makaranta a nan ya faɗo. A ganina babu lokacin fita da yara kamarsa. Yuni dai a zauna gida: ambaliyar watan Yunin 2018 ta ci rayuka kusan 20 a birnin. Daga Disamba zuwa Maris rani ne, hanya lafiya lau, sai dai zafi da gumi, don haka a fita da sassafe.

Yawon da ya fi araha shi ne shiga jirgin ruwan haya na kamfanin SOTRA daga tasharsa ta Treichville. Manya sun ɗauke shi abin zuwa aiki kawai, yaro kuwa duniya ce sabuwa a wurinsa. Daga kan ruwa zai ga dogayen benen Plateau, da gadar Houphouët-Boigny da aka gama a 1957, ya hango manyan jirage a tashar da aka buɗe a 1951, bayan an haƙa mashigin Vridi wanda ya haɗa tafkin da teku. Wannan mashigi shi ya buɗe wa Abijan ƙofar arziki, arzikin da ya jawo kakanninmu da iyayenmu daga arewa. Ya dace a faɗa wa yaro haka yana kallon wurin da idonsa.

Mutanen Adjamé kuma kurmin Banco maƙwabcinsu ne. Tun 1953 aka keɓe shi, faɗinsa ya haura hekta 3,000, da itatuwa masu tsayin da ɗan Sahel bai saba gani ba. A shiga da ɗan jagora, a sa wa yara takalmi rufaffe. Gidan namun daji ma yana kan hanyar Abobo, ba nisa.

A Treichville, Fadar Al'adu mai sunan marubuci Bernard Dadié tana bakin ruwa, kuma nan ake yin MASA, taron masu wasanni da makaɗan Afirka da aka fara a 1993, duk bayan shekara biyu, a Maris ko Afrilu.

Sai Grand-Bassam, wajen kilomita 40 gabas, kuma motocinta a Treichville ake hawa. Ita ce hedikwatar farko ta Turawan Faransa a Kwaddibuwa daga 1893, kafin annobar shawara ta kore su zuwa Bingerville. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2012. Akwai gidan tarihin tufafin gargajiya, ga bikin Abissa na mutanen N'zima a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. To amma a nan ne nake roƙon iyaye su buɗe kunne. Tekun wannan gaɓa ba kogi ba ne. Igiyarsa tana dukan tudu da ƙarfi, sannan ruwan ya koma da ja ta ƙasa, ya kwashe ƙafar mutum ko da iya gwiwa ya shiga. Gwanayen iyo ma tsoronsa suke, balle yaron da bai taɓa koyo ba. A bar yara su yi wasa a rairayi, babba na tsaye tsakaninsu da ruwa, ba yana can yana waya ba.

Abinci ba abin damuwa ba ne. Garba, wato acheke da soyayyen kifin tuna, yana ko'ina, kuma 'yan Nijar ne suka yi suna da sayar da shi. Ga soyayyar ayaba da ake kira aloko, wadda yara ba sa ƙi.

Kirana ga shugabannin Hausawa na unguwannin nan biyu da malaman Islamiyya: ku haɗa iyaye a yi karo-karo, a ɗauki mota guda a hutun Agusta ko kashegarin salla, a kai yaran nan su ga garin da aka haife su a ciki.