Almakashin Baffa da Sojan Ruwan Jamus

Na tashi a gidan da tela ke aiki a zaure. Baffana ne, ƙanen mahaifina, mutum mai sauƙin kai da ba ya hana yara kayansa. Rediyonsa mukan murɗa, keken ɗinkin ma mukan hau mu yi ta taka feda in babu zare. Abu guda ne ba a taɓawa, babban almakashinsa mai baƙin mariƙi. Wata rana yayana ya ɗauke shi ya datse waya zai haɗa motar langalanga, kuma wayar ta datsu sarai. Washegari da Baffa ya shimfiɗa shadda, sai almakashin ya kama tauna yadin maimakon ya ratsa shi. Bai daki kowa ba. Zama ya yi yana jujjuya shi a hannu, sannan ya tambayi yayana nawa ake sayar da waya, nawa kuma ake sayar da irin wannan almakashi.

Shi nake tunawa duk sa'ad da na karanta labarin sojan ruwan Jamus da aka sauko da su tudu, aka damƙa musu bindiga, aka ce su yi yaƙin sojan ƙasa.

Sojan ruwa mai sana'a ne. Wani injin jirgi ya sani ciki da bai, wani rediyo, wani kuma aikinsa auna nisan jirgin abokan gaba domin a saita igwa. Ana shafe shekaru kafin hannunsa ya faɗa. Sojan ƙasa shi ma da tasa sana'ar: ya san inda ake haƙa ramin fakewa, yana jin kukan harsashin igwa ya gane ko kansa zai sauka ko wucewa zai yi, ya san ba a cunkushewa wuri guda. A jirgi ana horar da kai ka tsaya bakin aikinka ko da wuta na ci. A fili kuwa, wanda ya tsaya cak shi ake fara kayarwa. Duka biyun ƙarfe ne mai kaifi, amma kowanne da abin da aka wasa shi dominsa.

Ba kowane sojan ruwa da ya yi yaƙi a tudu ne almakashi ba. Tun zamanin sarautar sarkinta Kaisa, Jamus na da bataliyoyin da rigarsu ta ruwa ce amma horonsu na ƙasa, kamar wuƙar da aka ajiye a shagon tela. Irinsu ne suka kare Tsingtau a ƙasar Sin har Japan ta karɓe garin a Nuwamba 1914. A gaɓar tekun Beljiyam kuma, rundunar Admiral Ludwig von Schröder ta haɗa irin waɗannan da ainihin ma'aikatan jirage, ta zauna cikin ramuka daga 1914 zuwa 1918. Shekara huɗu ta isa mutum ya koyi sabuwar sana'a, in ya rayu.

Narvik ce ta fi tsaya mini a rai. Tashar ruwa ce can arewacin Norway, inda jirgin ƙasa ke kawo tama daga Sweden, kuma saboda taman nan Hitila ya aika jiragen yaƙi goma ɗauke da sojan hawan dutse kimanin 2,000 ƙarƙashin Janar Eduard Dietl a Afrilu 1940. Sojan ruwan Birtaniya suka rutsa su cikin matsatsin mashigin teku, ran 10 da ran 13 ga wata, kuma ko ɗaya cikin goman bai koma gida ba. Ma'aikatan jiragen wajen 2,600 suka tsira zuwa tudu, wasu a jiƙe sharkaf, cikin dusar ƙanƙara. Hanyar gida ta toshe. Sai aka buɗe rumbun makaman sojan Norway da aka ƙwace a Elvegårdsmoen, aka raba musu bindigogi da tufafi, aka ciro igwogin da za su ciru daga jiragen, aka jera mutanen suna tsaron layin dogo da dakon kaya a kan duwatsu.

Wannan ma na taɓa ganin irinsa a gidanmu. Wani dare akuya ta naɗe da igiyarta tana shaƙewa, ga duhu, ba wanda ya san inda wuƙa take. Baffa da kansa ya ruga zaure ya ɗauko almakashin nan ya datse igiyar. Ba wanda ya ga laifinsa, shi ma bai yi da-na-sani ba. Dietl a Narvik haka ya yi: abin da ke hannunsa ya ɗauka, kuma ya san iyakarsa, shi ya sa wurare mafi zafi sojan dutsen ya fi ba wa. Duk da haka sojan Norway da Faransa da Folan da Birtaniya sun ƙwace garin ran 28 ga Mayu. Abin da ya ceci Jamusawan shi ne harin da Jamus ta kai wa Faransa, wanda ya sa abokan gabansu suka kwashe kayansu a farkon Yuni. Ba na manta cewa masu mamaye ƙasar wasu ne, 'yan Norway kuwa gidansu suke karewa. Amma a matsayin dabara ta mai neman tsira, na fahimce ta.

Abin da aka yi a 1945 ne ba ya shiga kaina. Manyan jiragen sun ƙare: Bismarck ya nutse a 1941, Scharnhorst a 1943, Tirpitz a 1944, man da sauran za su sha kuma ya yi ƙaranci. Dubban samari na zaune a barikokin bakin teku, wasunsu an horar da su aikin jirgin ƙarƙashin ruwa suna jiran jiragen da ba za a gama ƙerawa ba. Sojan ƙasa kuwa sun narke a Rasha da Faransa. A farkon Afrilu, Janar Gotthard Heinrici, wanda aka ɗora wa tare sojan Sobiyet a kogin Oder, ya shaida wa Hitila cewa ba shi da isassun mutane. Nan take manyan fada suka shiga gasar kyauta. Göring ya yi alkawarin mutum 100,000 daga sojan sama, Himmler 25,000, Admiral Karl Dönitz kuma sojan ruwa 12,000. Heinrici ya ce mutanen ba su da horon wannan yaƙi, ba a saurare shi ba.

A ce maigida gatarinsa ya karye, addarsa ta ɓace, gidan ma wuta ta riga ta cinye rabinsa, amma don kada a ce ya gaza sai ya shiga zaure ya ɗauko almakashin ƙanensa ya nufi kututture da shi. Akuyar Baffa ana datse igiya ta miƙe. Nan kuwa babu abin da za a ceto, domin duk mai ido a fadar nan ya san yaƙin ya ƙare. Ga shi kuma a daidai watannin, ainihin aikin sojan ruwa na nan yana jiransu: jiragen Jamus suna kwaso fiye da mutum miliyan ɗaya ta tekun Baltik, mata da yara da masu rauni da ke gudun sojan Sobiyet.

An kafa rundunonin ƙasa na sojan ruwa har uku. Ta farko aka kai ta bakin Oder, igwa kaɗan, abin hawa kaɗan, sai bindigar hannu da makamin harbin tanka da ake saɓawa a kafaɗa. Wasu ma ta jirgin sama aka shigar da su Barlin a kwanakin ƙarshe na Afrilu, birnin da yawancinsu ba su san lungunansa ba. Ta biyun aka tura ta tare sojan Birtaniya a kogunan Weser da Aller. Kwamandanta, Admiral Ernst Scheurlen, jirgin sama ya kashe shi ran 8 ga Afrilu. Kwana biyu bayan haka, a ƙaramin garin Rethem da ke bakin Aller, samarin suka yi tsayin daka har suka mayar da harin rundunar Wales ta Birtaniya baya, aka yi asarar rayuka da yawa ta kowane ɓangare. Almakashi yana datse waya, ai na gani da idona. Turawan Birtaniya suka nemi wata mahaya suka ƙetare kogin, Bremen ta faɗi kafin wata ya ƙare.

Hitila ya kashe kansa ran 30 ga Afrilu, ya bar wa Dönitz mulki. Ran 4 ga Mayu, a wani fili kusa da Lüneburg, ƙasa da kilomita 100 daga Rethem, aka sa hannu kan miƙa wuyan sojan Jamus na arewa maso yamma a gaban kwamandan Birtaniya, Montgomery. Jagoran masu sa hannun shi ne sabon shugaban sojan ruwa, Admiral Hans-Georg von Friedeburg. Samarin da aka binne a bakin Aller ba su cika wata guda a ƙasa ba.